Abin da Ke Bayan Shirun

Samarin yanzu suna ganin sana'armu ba ta wuce kwamfuta da yammaci guda ba. Ɗan ƙanwata Faisal ya taɓa nuna min a falona da ke unguwar Bani Malik a Jidda. Ya danna nan ganga ta fito, ya danna can jita ta amsa, kafin shayi ya huce ya ce, "Khali, halas, ga waƙa," wato kawu, an gama. Na saurara. Waƙa ce kuwa, ba zan yi masa ƙarya ba. Abin da ban gane ba shi ne me na yi ta yi tun 1975, in dai haka abin yake. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Da gangan kuma na rubuta da Hausa, don Faisal da abokansa, masu jin Hausa su ba ka amsa da Larabci, su ma su ɗan sha wuyar wani abu.

Sunan sana'ar ma ban taɓa samun yadda zan faɗe shi ba. Turawa suna ce wa kiɗan furogiresif rok, wato kiɗan jita da ganga da ya ci gaba. Ina ya nufa, ba wanda ya gaya min. Siffarsa dai ita ce waƙa guda ta yi tsawon da za a ci abinci a wanke hannu ba ta ƙare ba, tana ta sauya tafiya, kuma ba a rawa da ita. A iƙamata, wato takardar izinin zamana a Saudiyya, an rubuta direba. Mahaifiyata har ta rasu tana gaya wa mutane gyaran rediyo nake yi. Wani dattijo ɗan Damagaram da muke salla tare ya taɓa tsare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Tijjani, an ce waƙa kake yi. Wa kake yi wa?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To wa kake zagi?" Na ce ba kowa. Ya dube ni da tausayi ya ce Allah ya sawwaƙe.

A Bur Sudan aka haife ni, can na yi sakandare, can kuma na koyi akodiyan, abin kiɗan nan mai maɓallai da ake ja ana matsewa, irin na mawaƙan Sudan. Da na ƙetaro Jidda, kafilina, wato ubangidan da ya tsaya min a takardar zama, ya sa ni tuƙa motar kaya a tashar jiragen ruwa. Wata rana aka ɗora min wani akwatin katako mai girman kabari aka ce in kai Abhur, can bakin teku a arewacin gari, gidan wani Baturen Ingila mai suna Kolin, injiniya a wurin tace ruwan teku. Mu huɗu muka shigar da shi da ƙyar. Da aka ɓalle katakon sai ga ogan, mai hawa biyu na maɓallai, da wani akwatin lasifika da ke juyawa a ciki kamar fanka. Kolin ya jona wuta ya tafi neman abin sha. Ni kuma na ɗora yatsu na buga wata waƙar bikin Sudan, don in ji. Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa da kofi biyu, ya ce in sake. Na sake. Ya ce, "Alhamis da la'asar." Ban san ko aiki ya ba ni ko gayyata ba ce, har yau kuma ban tabbatar ba.

Ogan ɗin nan shi ne malamina na farko, kuma maƙaryaci ne. A cikinsa akwai inji da ke juya wasu ƙananan fayafayan ƙarfe, su ke ba da sauti. Injin kuwa gudun wutar lantarki yake bi. An ƙera shi don wutar Ingila, ta Jidda kuma ta fi ta sauri, saboda haka duk abin da ka buga sai ya fito sama da inda ka nufa. Kolin ya yi ta ɗaure igiyoyin jitarsa don ya kamo ni, suna tsinkewa, sai daga baya ya haƙura ya koyi buga komai a wani wuri daban. Ni kuwa shekarun farko duka na koyi kiɗa a muryar da ba tasa ba. Ranar da na fara taɓa ogan mai lafiya sai na ɗauka shi ne ya lalace.

Mu huɗu ne. Kolin da jita, ni da ogan, sai Abdu, Bayamane tela a Balad, tsohuwar unguwar tsakiyar Jidda, mai buga jita mai kaurin murya, da Rodel, ɗan Filifin mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, shi ke da ganguna. Darasin da ya fi cin mu shi ne bugun bakwai. Kiɗan da kuka saba huɗu-huɗu yake tafiya, kamar mai lafiyar ƙafa. Namu sai a cire taki guda, ya zama huɗu da uku, kamar wanda takalminsa ɗaya ya tsinke. Kolin ba ya iya bugawa sai yana ƙirgawa da baki. Abdu kuma yana bugawa lafiya lau, amma da zarar ya ga ana ƙirgawa sai ya ruɗe. Maganin da muka samo shi ne Abdu ya juya mana baya ya fuskanci bango. Haka muka yi shekaru muna wasa, mutum ɗaya yana kallon bango, har Turawa suka ɗauka salo ne. Wata Baturiya ta ce abin yana da zurfin ma'ana.

Ku da kuke ajiye kayan kiɗanku a aljihu ba ku san gishiri ba. Iskar Abhur tana cin ƙarfe. Igiyar jita sabuwa in ta kwana biyu sai ta yi ja, kuma ba shagon da za ka shiga ka saya, sai wani ya tafi hutu ya zo da ita a cikin safa. Abdu yakan tafasa tsofaffin igiyoyinsa a tukunya ya shanya su kamar taliya, su ɗan farfaɗo. Ogan yana son mai na musamman, da ya ƙare muka koma ba shi man keken ɗinki, ya karɓa bai yi gardama ba. Wayoyi kullum ana kankare bakinsu da wuƙa. In za mu fita da kaya, Rodel yakan lulluɓe su da tamfol ya ɗora tsohuwar na'urar sanyi a sama, in an tsayar da mu a hanya ya ce gyara za mu. Ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya, don kusan duk gidan da muka je sai an ce ya duba wani abu kafin mu fara.

Wurin wasa a fili babu shi. Masu sauraronmu Turawan kamfanoni ne a gidajensu masu katanga a bakin teku, ranar Alhamis da rana, ga gasasshen nama ga yara suna tsalle cikin ruwa. Abin da suke so waƙoƙin garinsu, waɗanda suka sani, don su tuna ruwan sama. Muna buga musu. Amma Kolin ya kafa sharaɗi, kowane wasa sai mun sa tamu guda ɗaya. Ya ce in rubuta. Na ce ban san yadda ake yi ba. Ya ce ba wanda ya sani, shi ya sa suke da tsawo.

Waƙar da na rubuta a 1978 na sa mata suna "Ƙetare". Labarin kakata ce, wadda ta taso daga ƙasar Katsina da ƙafa tana yarinya, ta yi shekaru a hanya, ta hau jirgin ruwa mai filafili zuwa Jidda. Rabin farko tafiyar ƙasa ce, da bugun bakwai, ba kalma ko ɗaya. Yana hawa yana hawa har ya kai bakin teku da ƙara mai yawa. Daga nan sai shiru. Kakata ta ce a tsakiyar teku iska ta ɗauke, jirgin ya tsaya cak, ba mai magana, ba wanda ya san ko za a sake motsawa. Na ce to mu ma mu tsaya, tsawon da mutum zai sha kofin ruwa a nitse. Bayan shirun ne rabi na biyu ke shigowa a hankali, saukarsu a Jidda, kuma a nan ne kaɗai nake rera baiti, da Hausa. Duk abin da na taɓa rubutawa da za a ce masa waƙa da baki, a bayan shirun nan yake. Ku riƙe wannan, don sauran labarin sana'ata ƙoƙari ne na ganin wani ya ji shi.

Karon farko a gidan wani manajan kamfani ne. Rabin farko ya tafi kamar ba mu ba. Rodel ya rufe da faifan ƙarfe, muka ɗaga hannu, shiru ya fara. Bai yi numfashi biyu ba suka ɓarke da tafi da fito. Matar gidan ta buga cokali a kwano ta ce nama ya yi. Kafin in ɗago kai kujeru sun zama wayam. Na dubi Kolin, sai na ga yana rusunawa yana godiya.

"Ba mu gama ba," na ce masa.

"Su sun gama," in ji shi. "An taɓa yi maka tafi irin wannan?"

"Ba a taɓa ba."

"To karɓi."

Wasa na gaba na ce zan yi musu bayani tun farko. Kolin ya ce waƙar da sai an yi mata bayani ba waƙa ba ce, takardar magani ce. Na dai yi. Na ce akwai shiru a tsakiya, don Allah a jira. Da shirun ya zo sai wani ƙaton mutum mai jan wuya ya sa yatsa a baki ya ce "shhh" da ƙarfi, wani ya amsa masa daga can, wuri ya kaure da dariya. Mun shiga rabi na biyu cikin dariyar, ba wanda ya ji ko harafi. Abdu ya ce in gajarta shirun. Rodel ya ce, "Abokina, bari in riƙa ɗan taɓa ganga a hankali, su san muna raye." Na ƙi, na ce jirgin bai taɓa ganga ba. Shawarwarin nan duka masu kyau ne. Na sha zama in nemi dalilin da ya sa na ƙi su, ban samu wanda zan iya rubutawa ba.

Sai muka ce a yi kaset, tunda kaset ba ya tafi. Kolin yana da na'urar ɗaukar sauti mai manyan fayafayai biyu. Muka rufe tagogi da katifu, muka kashe na'urar sanyi don ƙararta, muka ɗauka cikin gumi har ya fito yadda muke so, rabi biyu da shirunsu. Na kai faifan Balad wurin wani Bahadrame, wato ɗan kudancin Yaman, mai shagon kwafar kaset, Amm Salim. Bayan mako na je na karɓo kwali guda, na sa ɗaya a mota. Rabin farko ya wuce. Shiru ya fara. Sai kawai na ji goge da tafi, wata Bamisiriya ta shigo tana kukan masoyinta. Na juya mota.

"Ya Amm, ina sauran?"

"Wane saura? Allurar na'ura ta kwanta, na tsayar. Na ga akwai fili a kaset, na ce haram a bar shi haka, na ƙara maka Sitt ɗin nan, mawaƙiyar Masar, kyauta. Mutane suna sonta."

"Akwai rabi guda a gaba."

"To me ya sa kuka yi shiru? Wuta aka ɗauke?"

Na ce ya sake. Ya ce gobe in Allah ya so. Na bar masa faifan, kuma kafin goben ta zo ya ɗora wani abu a kansa, don a ganinsa ya riga ya kwashe abin da ke ciki. Kaset ɗin kuwa ya yaɗu. Na taɓa shiga tasi na ji direban, ɗan Pakistan, yana sauraronsa. Na ce yaya ya ga kiɗan. Ya ce gabatarwar ta yi tsawo, amma matar tana da murya.

Aikin da na fi sa wa rai shi ne bikin 'yar Yaya Dudu a 1984. Yaya Dudu 'yar wan mahaifina ce, mai sayar da turare da atamfa ga alhazai, mace mai murya kamar ta kwamanda. Ta zo har gida ta ce, "Kai Tijjani, shekara nawa kana yi wa Nasara kiɗa, mu danginka ko ƙara ba mu ji ba? Ka kawo mutanenka." Na ce Yaya, irin namu ba na biki ba ne. Ta ce kiɗa kiɗa ne. Ni kuma na yi lissafi a raina, ga ɗaki cike da mata Hausawa, rabinsu kakanninsu ta tekun nan suka ƙetaro. In akwai masu jin baitocin nan a duniya, su ne.

Kun san yadda ake yi. Maza ba sa shiga wurin mata, saboda haka aka sa mu a wani ɗaki a bayan zauren, aka ja waya ta ƙarƙashin ƙofa zuwa lasifikarsu. Ba ma ganin kowa. Muka yi musu na rawa har suka gaji, guɗa tana ratso bango. Sannan na yi wa Kolin alama muka shiga "Ƙetare". Aka ce min daga baya sun yi ƙoƙarin takawa, amma kowace sai ƙafarta ta sauka inda babu ƙasa, har wata ta ce makaɗin yana da sanƙarau ne? Muka kai bakin teku. Muka ɗaga hannu. Shiru. Ba tafi. Na dubi Kolin, ya ɗaga gira. Na shigo da ogan a hankali, na buɗe baki na rera. Ban taɓa rerawa kamar ranar ba. Rodel har ya rufe ido. Da muka sauke, sai na ji wani kiɗa daban yana tashi ta bango, tambura da tafi, mata suna amshi.

Na leƙa ƙofa na ga bakin wayarmu a ƙasa, a zare. Yaya Dudu ta fito tana gyara mayafi.

"Sannunku da ƙoƙari. Na'urarku ta mutu a tsakiya, sai na ce a cire a sa wa masu tambura, kada wuri ya yi sanyi."

"Yaya, ba mutuwa ta yi ba. Shiru ne."

"Shirun me?"

"Na cikin waƙar. Jirgin Kaka ne ya tsaya a teku."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "A bikin 'yata za ka tsayar da jirgi? Je ku ci abinci."

Shekarar da ta karya mu ita ce 1990, da yaƙin Kuwait ya taso. Yamanawa aka ce su nemi kafili ko su tafi. Na raka Abdu tashar mota, keken ɗinkinsa ɗaure a saman lori tare da katifu, jitarsa a cinya. Kamfanin Kolin ya mayar da shi gida, ya bar min ogan ɗin ya ce kafin ya dawo, bai dawo ba. Rodel ya samu aiki a gabas. Gidajen Abhur suka zama sai masu gadi. Ɗakina ba zai ɗauki ogan ba, na roƙi wani abokina mai kula da sito a tashar jiragen ruwa ya ajiye min shi a bayan buhunan shinkafa. Da na koma dubawa bayan an kwana biyu, fayafayan ciki sun manne da tsatsa, ɓeraye sun haihu a akwatin lasifika. Na jona wuta, ya yi wani gurnani guda ya yi shiru. Wannan shirun ban tsaya jiran abin da ke bayansa ba.

Daga nan na sayi ƙaramin ogan irin na yanzu, mai ganga a cikinsa, wanda ake ratayawa a kafaɗa. Na shiga bukukuwa ni kaɗai a ɗakin baya. Na koyi kiran sunan uwar amarya da na ƙawayenta, na koyi wace Hajiya ce ba a kiranta bayan wace. Ilimi ne mai wuya, kada ku raina shi, ya fi bugun bakwai haɗari. Dattijon nan ɗan Damagaram ya ji labari ya zo ya yi min murna, ya ce yanzu na zama mutum. Da rana ina tuƙi. Na yi shekaru a haka, ina ganin wancan zamanin ya wuce kamar zazzaɓi.

Sai ga Faisal ya girma ya tara gashi. Ashe samarin Jidda sun shiga kiɗan jita mai ƙara, suna haɗuwa a ɓoye a gidajen hutu da ake haya a arewacin Abhur, waɗanda muke ce wa istiraha. Wata rana ya shigo da tsohon kaset da ya tsinta a durowar uwarsa.

"Khali, wannan kai ne? Wallahi?"

"Ni ne."

"Ya salam! Mun sa shi a kwamfuta, shabab, samarinmu, duk sun haukace. Bakwai ne ko? Amma abin da ya kashe mu shi ne ƙarshen. Yadda ka yanke kawai ka faɗa cikin Bamisiriyar nan. Wa ya taɓa yin haka a lokacin? Abkari!"

Wato gwani na gwanaye. Na ce masa dabarar Amm Salim ce. Ya ce wane ne shi, furodusa? Na ce kusan haka.

Su uku suka koyi rabin farko daga kaset, Faisal da jita, wani ɗan Labanan da jita mai kaurin murya, wani Bahijaze da ganguna. Sun iya kuwa, ba mai kallon bango. A 2011 suka matsa sai na fito mun buga tare a wata istiraha, ranar Alhamis bayan la'asar. Na ce to, amma ban da Bamisiriya. Muka yi gwaji sau biyu. Rabi na biyu ban kawo zancensa ba, don ban ga amfanin koya wa mutane hanyar da ba za a bi ba. Na san abin da zai faru. Za mu kai teku, a yi tafi, in rusuna kamar yadda Kolin ya koya min, in koma gida kafin magariba.

Tsakar gidan cike take da samari cikin baƙaƙen riguna, zaune a kan darduma da gefen wurin wanka da ba ruwa. Muka fara. Wasu suna gyaɗa kai daidai kan bakwai ɗin, abin da ban taɓa gani ba. Muka hau, muka kai bakin teku, mai ganga ya rufe da faifan ƙarfe. Na ɗaga hannu, na fara shirin miƙewa.

Ba wanda ya tafa.

Na ɗauka ba su ji daɗi ba. Na duba, na ga idanu duk a kaina, wasu sun karkato gaba. Yaran nan sun girma suna jin irin kiɗan nan a intanet, sun san ana shiru a tsakiya. Jira suke yi. Ana jin ƙarar famfo yana ɗiga a bayan gida. Faisal ya matso ba tare da ya juya kai ba, ya yi magana ta gefen baki.

"Khali. Ba'dain? Sai me?"

"Akwai saura."

"Wane saura? Ba mu san shi ba!"

"Ku tsaya kawai."

Na mayar da hannu. Hagu ya ɗauki aikin Abdu, dama ya ɗauki nawa da na Kolin gwargwadon abin da yatsu biyar za su iya, ganga kuwa babu. Ban taɓa buga shi ba tun ɗakin bayan bikin Yaya Dudu, amma yatsun suka tafi abinsu kamar jakin da ya san gida. Muryar ce ta tsufa. Na dai rera:

Ƙasa, tsaya in taka ki,
Ƙafata ta manta da ke.
Wa zan tambaya hanya a nan?
Kowa da kayansa a ka.

Akwai sauran baitoci, duka na yi su. A cikin taron nan masu jin Hausa ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba, su ma ji ne irin na Faisal. Ni kaina a lokacin ne na fara jin abin a fili, ba cikin dariya ba, ba a ɗakin da aka zare wa waya ba, kuma ina bugawa ina tambayar kaina ko yana da kyau. Wani wuri na ga ya yi tsawo. Wani wuri na ce wa ya rubuta wannan. Har yanzu ban yanke hukunci ba. Na kai ƙarshe, na riƙe sautin ƙarshe har ya mutu, na sauke hannu a cinya.

Ba wanda ya tafa.

Suna nan zaune, sun karkato, idanu a kaina. Na jira su, suna jirana. Famfon yana ta ɗiga. Mai ganga ya ɗaga sandunansa a hankali ko da za a buƙace shi. Faisal ya sake matsowa.

"Khali, akwai na uku?"

"Babu."

"To gaya musu mana."

Na jawo makirufo na ce, "Halas, ya shabab. Mun iso." Sannan suka tafa, sosai kuwa, har da fito.

A mota Faisal ya yi ta magana da Larabci, ya ce dole in koya musu, dole a ɗauka a kwamfuta, yammaci guda ya isa. Na ce to. Yau shekara ta kusa zagayowa muna kai. Ɗan Labanan ya iya nasa, mai ganga ya iya nasa, Faisal yana fama da baitocin, ƙasa yake ce wa kasa. Shirun ne har yanzu ba su iya ba. Ba a taɓa kaiwa rabinsa ba sai wani ya yi tari, ko ya gyara igiya, ko ya dube ni ya ce yalla, mu je. Kowace Alhamis daga nan muke farawa. In kuna so ku koyi sana'ar ku zo bayan la'asar, ba sai kun zo da komai ba.